Amalanke Mai Naɗe Ƙafa

Daga cin abincin rana Mai Walda ya dawo shagonsa ya tarar amalankensa ya yi ɓatan dabo. Wata huɗu yana fama da ƙera tayoyinsa, masu naɗewa su shige ƙarƙashi su kulle. Kafin Sajan ta 'yan sanda ta iso har ya yanke hukunci: Direba ne, ƙanin matarsa, don shi ne mai mota. A gaban maƙwabta ya kira shi ɓarawo, matar kuwa ta ce idan aka rufe ƙaninta, to a nemi mata akwatinta.

Sajan mace ce da ba ta ganin abu mai noti ta bar shi lafiya. Ta bar masu hayaniya ta tsuguna. Babu sawun taya, sai ƙarzar ƙarfe a siminti har bakin ƙofa, da wata sandar walda a lanƙwashe, bakinta da koren fenti irin na amalanken.

"Yaya ake buɗe tayoyin?" ta tambayi Mai Walda.

"Feda ake takawa, ranki ya daɗe. Sai su sauko su cije."

"Tun farko haka yake?"

"A'a. Da wani rami ne a gefe, a zura ƙarfe a danna sifirin. Yana datse yatsa, na canza shi makon jiya."

"Ramin fa?"

"Yana nan, amma ba ya aikin komai."

Ta juya ga Direba. "Ka san fedar?"

"Ni na fara taka ta! Sau ashirin ya sa ni, kamar mai ɗinki."

Kafintan da ke maƙwabtaka kuwa ya ce shi duk abin da ba katako ba, bai san gabansa da bayansa ba. Sajan ta yarda da shi.

"Wanda ya san feda zai tura abinsa ya tafi," ta ce wa Mai Walda. "Baƙo kuma bai san da rami ba. Ɓarawonka ya zura sanda har ta lanƙwashe, ya gaji, ya ja shi a kan ciki. Tsohon makulli ya sani. Wa ya gan shi a da, bai ga sabon ba?"

Mai Walda ya ce, "Kawu ne kawai. Shi ya koya mini aiki."

Rumfar Kawu tana bayan layi. Suka same shi zaune a tsakiyar amalanken, an warware shi gunduwa-gunduwa, notuna a jere cikin faranti.

"So na yi in ga yadda yake cijewa, in mayar kafin ka dawo," in ji tsohon, kansa a ƙasa. "Ya ƙi haɗuwa."

"Kawu, ai da ka tambaye ni."

"In tambayi wanda na koya wa riƙe guduma?"

Kunya ta kama Mai Walda fiye da kawun nasa. Ya waiwaya wajen Direba, wanda ya biyo su ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙa masa hannu. Direba ya dubi hannun, ya zura nasa a aljihu.

"A gaban mutane ka kira ni ɓarawo," ya ce. "Mu koma can ka faɗa ba ni ba ne."