Kofin Farko a Gidan Suyar Sixten

Har yau idan ƙamshin suyar gahawa ya buge ni a hanya, tsallaka titi nake yi. Mutane na ɗauka iyayi ne. Tsoro ne, kuma ga mafarinsa.

Ina gama jami'a na samu aiki wurin Sixten, mai wani ɗan gidan suyar gahawa a bayan tashar jiragen ruwa ta Göteborg. Ni ce mai talla, in ɗauki hoto, in rubuta 'yan kalmomin da ake bugawa a jikin jaka. Aikin ya dace da ni, don ba na iya haɗa ido da mutane. Sarauniyar Surutu yake ce mini saboda tsokana.

Ya iya suya, ba ƙarya. Amma a unguwarmu kowane lungu da mai suyarsa, kowa da gemunsa da labarinsa na wani manomin gahawa a kan dutse. Sixten kuwa ba abin sakawa a baki yake nema ba. So yake a ce gahawa, a ce Sixten.

Wata rana a tsakiyar bazara, lokacin da rana ba ta son faɗuwa, ya ce in tuƙa shi dajin Värmland, don shi keke kaɗai ya iya. Wai akwai wani tsoho mai suna Valfrid da ke duba a guggubin gahawa.

"Ki taho da kyamara, Tove," in ji shi, "ƙila mu tsinci labarin talla."

Ɗakin tsohon na katako ne a bakin tafki, babu taga. A waje rana tsaka, a ciki duhu. Hayaƙin shekaru ya mai da bangon baƙi ƙirin, kuma daga ƙasa har rufi ƙusoshi ne, akasarinsu da kofuna rataye. Ba wanda aka wanke. Guggubi ya bushe a cikinsu, ga shatin leɓe a bakin kowanne. A kan murhu wata butar tagulla tana tafasa, alhali ban ga wuta a ƙarƙashinta ba.

Tsohon na zaune da ƙwayar sukari tsakanin haƙora, yana zuƙar gahawa daga ƙaramin faranti irin na mutanen da.

"Ajiye abin hoton nan, 'yata," ya ce ba tare da ya dube ni ba. Sannan ya juya ga Sixten. "Ɗan birni, ku ne masu sayar da ruwan ɗumi da tsadar turare?"

"Mu ne, Baba. Sai dai ba ya sayuwa."

"Me kake so?"

"Wanda ya sha tawa sau ɗaya, ta kowa ta zame masa ruwan wanke-wanke."

Valfrid ya zuba wa Sixten gahawa. Da ya shanye, tsohon ya kifa kofin a faranti, ya ɗaga, ya daɗe yana kallon guggubin. "Ƙwaya ƙwaya ce, yaro. Masu saye ba gahawa suke nema ba, mutum suke nema a cikin kofi. Kana da mutane?"

"Ina da uwa, da ƙane, da mata."

"Ashe mai arziki ne kai, ka zo kana wahalar da yarinya da tuƙi."

"Baba, ba wa'azi na zo saya ba."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. Ya tsoma yatsu cikin butar da ke tafasa, ya zaro wata baƙar ƙwaya mai girman ƙwan tattabara. "Ka jefa wannan a injin suyarka, ba za ta ƙone ba. Duk sabon haɗin da za ka fitar, kofin farko a ba wanda ke zaune a inuwarka. Wanda ya haɗiye, shi za a ji a bakin masu saye. Kofin kuma kada a wanke, nawa ne."

"Shi ke nan ladanka? Kofi?"

"Kofi kawai."

"Su fa, ba abin da zai same su?"

"Ka taɓa ganin an sha abu bai ragu ba?"

Na ji ƙarar kofunan bango suna taɓa juna, ga shi babu iska. Sai Sixten ya miƙa hannu ya karɓi ƙwayar. Lokacin ne tsohon ya ɗago ya dube ni, irin kallon da mahauci ke yi wa tunkiyar da ba a kawo ba tukuna. A mota Sixten ya ce duk tatsuniya ce. Amma har muka iso gida bai buɗe tafin hannunsa ba.

Da mahaifiyarsa Gunvor aka fara. Ta zo da burodin kirfa da ta gasa, ta sha kofin farko tana cewa, "Ɗan nan, yaushe za ka koyi dafa gahawa mai ƙarfi?" Muka buga hotonta da sunanta a jaka. Kafin sanyi ya shigo, layi ya kai bakin gada. Na ga ƙato da gemu ya kurɓa ya fashe da kuka, wai ya ji ɗumin ɗakin girkin kakarsa. Jaridu suka zo, shagunan Oslo da Berlin suka aiko a kai musu.

Gunvor kuwa ta fara da daina jin ƙamshi. Daga nan ta manta yadda ake kwaɓa burodin da ta yi shekaru tana gasawa, ta manta sunan ɗanta. Likitoci suka ce tsufa ne. Ranar da na je duba ta, na riƙe hannunta na ji shi fayau kamar jakar da aka juye. Ranar da aka binne ta, haɗin Gunvor ya koma salam, ba ɗanɗano ko kaɗan.

Sai aka fitar da haɗin Ebbe, ƙanensa mai barkwanci, wanda masu saye suka ce yana sa su dariya ba dalili. Ebbe ya daina dariya, ya daina magana, wata safiya aka same shi zaune a kan benci a bakin teku, ya sandare.

A wannan lokacin, shan kofin farko ya riga ya zama biki, shi ne ma babban tallarmu. A tara jama'a, a jera tuluna cike, mai sunan ya kurɓa a kan dandamali, sannan kowa ya ɗaga nasa. Haka aka yi wa Malin, matarsa. Ita ba ta mutu ba. Da safe, da kuma ƙarfe uku lokacin da duk garin ke hutun shan gahawa, sai ta dinga ihu tana kakkaɓe jikinta, "Leɓuna! Ku cire mini leɓunan nan, suna sha na!" Aka kai ta asibitin masu taɓin hankali.

Na ce zan bar aiki. Sixten, wanda yanzu yake da rassa da gida a tsibiri, ya yi murmushi. "Haba Sarauniyar Surutu, ki tsaya bikin ƙarshe mana, mu yi sallama kamar mutane."

Ban iya cewa a'a ba. Ban taɓa iyawa ba.

Ranar bikin wurin ya cika da 'yan jarida da alƙalan gasar gahawa da duk masu suyar unguwa. Ina can baya sai aka ja ƙyallen da ya rufe allon talla. Fuskata ce, hoton da ban san an ɗauka ba. A ƙasa an rubuta Tove.

Tafi ya ɓarke. Hannaye suka tura ni gaba har kan dandamali. Sixten ya ɗora mini kofi a tafin hannu, ya raɗa mini, "Kurɓa ɗaya, ƙanwata. Kada ki ba ni kunya."

A bakin ƙofa na hango tsohon, da ƙwayar sukari a haƙora, yana jira.

Na kai kofin kusa da baki, tururin ya shiga hancina, na ji ƙamshin ɗakin mahaifiyata. Ban san inda maganar ta fito ba, na dai ji ta a lasifika.

"Ta ƙone."

A sana'armu gara ka zagi uwar mai suya da ka ce ya ƙona ƙwaya, balle a gaban abokan hamayya. Wani daga cikinsu ya yi 'yar dariya. Fuskar Sixten ta yi ja.

"Tawa? Ta ƙone? Kawo nan!"

Ya fizge kofin ya zuƙa da ƙara, yadda hannunsa da bakinsa suka saba kullum a teburin ɗanɗano. A can tofarwa ake yi. A nan babu kwanon tofi, sai kyamarori a kan fuskarsa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Jama'a suka yi shewa, suka ɗaga kofuna.

"Kada ku sha!" ya ƙwalla. "Don Allah kada ku sha!"

Suka ɗauka sabon salon talla ne, suka yi dariya suka sha, suka nemi ƙari. Wata alƙaliya ta yatsina fuska ta ce da farko zaƙi, amma ƙarshensa ɗaci ne, kuma yana ƙara wa mutum ƙishirwa. Duk da haka ba su bar ko ɗigo ba. Sixten ya durƙushe yana kakkaɓe wuyansa, kumatunsa na lotsawa a kan idona. Valfrid ya ratso taron a hankali, ya ɗauki kofin daga ƙasa, ya sa a aljihu.

Sixten bai ga bazara ta gaba ba. Rassan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, injin ma ba wanda ya yarda ya saya, don an ce ko a kashe yake ana jin wani abu na gangarawa a cikinsa. Malin ta daina ihu, amma har yau ba ta san sunanta ba.

Ku masu son sunanku ya cika gari, ku ji da kyau. Duk arzikin da aka ce ba ku za ku biya ba, ku waiwaya ku dubi waɗanda ke zaune a inuwarku. Kwaɗayi da su yake farawa, amma ba ya ƙoshi sai ya kai ga mai shi. Kuma bangon nan na ga shi da idona, akwai sauran ƙusoshin da ba a rataya musu komai ba.