Shafin Da Aka Lanƙwasa

Auta tana tsugune a ƙofar kicin tana wanke kwanuka, ta jingina littafi da bokiti tana satar karatu, sai wayarta ta yi ƙara. Ta goge hannu da zane, ta lanƙwasa kunnen shafin kamar yadda ta saba, ta ɗauka. Injiniya ne. Sunan dai Injiniya, amma fanka da firji yake gyarawa a wani ɗan shago a bakin titi, kuma shi ne wanda ake shirin sa musu rana.

"Auta," ya ce, muryarsa a dashe, "Mama ta ce a dakata da maganar aurenmu."

Auta ta miƙe tsaye. "A dakata kamar yaya? Me na yi?"

"Littafin nan da kika ba ta aro."

Nan take Auta ta tuna. Makon jiya ne ta je gaishe da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Malama Babba saboda ta daɗe tana shugabancin makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Auta ta zauna a ƙasa tana ta sunkuyar da kai, har matar ta tambaye ta wane littafi ta karanta kwanan nan da ya yi mata daɗi. To, an sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. Kunya ta tafi, baki ya buɗe. Ta yabi wani na masunci da jirginsa ya nutse, ta yabi wani na 'yan'uwa mata biyu masu shagon ɗinki, sannan ta zaro mai shuɗin bango daga jaka ta miƙa da hannu biyu, tana cewa, "Wannan kam Mama, in kin karanta shi kin karanta zuciyata."

"To me littafin ya yi?" ta tambayi Injiniya.

"Ba littafin ba ne, lanƙwasar ce. Ban taɓa gaya miki ba, a gidanmu Mama ba ta faɗa da baki. In ka yi laifi sai ka tarar da littafi a kan filonka, an lanƙwasa shafi ɗaya. Ka buɗe, ka karanta, ka gane da kai ake. Haka muka tashi. Ke kuma kin lanƙwasa daidai inda amaryar take cewa uwar miji ƙaya ce a cikin takalmi. Kin sake lanƙwasa inda take roƙon mijin su tashi su bar tsohuwar."

"Innalillahi! Wallahi ni inda aka kira ni nake lanƙwasawa, ko duba abin da ke shafin ba na yi."

"Na faɗa mata. Ta ce wanda yake so ba ya gani. Auta, ba zan iya tsallake maganarta ba, ita kaɗai ta riƙe mu tun rasuwar Baba. Amma kuma in na rasa ki ban san yadda zan yi ba."

Auta ta ajiye wayar ta fashe da kuka. Goggo, ƙanwar babanta da ta raine ta tun tana tsumma, ta fito daga ɗaki ta ji bayani, ta tafa hannu.

"Ai na sha gaya miki karatun nan zai kai ki ya baro ki. Yarinya a je gaida surukai, a tsaya a ina wuni, ke kin je kina tallar littafi. Baki shi ke yanka wuya."

"Goggo ki taimake ni, mutuwa zan yi."

"Ba za ki mutu ba, sai dai ki rame. Tashi ki wanke fuska ki je ki ba ta haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ce."

Washegari da hantsi Auta ta tafi. Ta tarar da Malama Babba a falo, gilashi a kan hanci, littafin mai shuɗin bango yana gefe a kan tebur kamar an kama shi da sata. Ta durƙusa ta gaishe ta. Aka amsa a taƙaice.

"Mama, na zo ne a kan littafin."

"Na ga saƙonki. Na yi shekaru ina koyar da 'yan mata, na san habaici in na gan shi. Ke da bakinki kika ce zuciyarki ce a ciki."

"Mama, har ina kika kai?"

"Inda ya ishe ni."

Auta ta matso da gwiwoyinta, hawaye na zuba. "Don girman Allah ki ƙarasa shi. Ba na cewa ki yarda da ni, ba na cewa ki ba ni ɗanki. Ki dai kai ƙarshe, in kin ga abin da kike zato ne, na haƙura har abada. Ni ban san uwata ba Mama, a hoto kawai nake ganinta. Ta yaya zan zo gidan da na ga uwa in fara da zaginta?"

Malama Babba ta cire gilashin ta goge, ta mayar. "Tashi ki je gida," ta ce. Ba ta ce za ta karanta ba, amma kuma ba ta mayar mata da littafin ba, kuma wannan ɗan abin Auta ta riƙe ta fito da shi.

Kwanaki suka yi ta wucewa shiru. Auta ta daina cin abinci sai an yi da gaske, ta tattara littattafanta ta cusa a ƙarƙashin gado, ko bangonsu ba ta son gani. Wanda ya san ta da karatu a bakin murhu da bakin famfo, in ya gan ta zaune hannu biyu a kumatu sai ta ba shi tausayi. Injiniya ma bai tsira ba, an ce ya haɗa wayar fankar wani a juye har sai da mai ita ya dawo yana masifa.

"Bari in sa Kawu ya yi wa Mama magana," ya ce mata a waya. "Ko kuma ki ba ni labarin ƙarshen, ni in je in faɗa mata. Don Allah Auta, na gaji."

"A'a. In aka matsa mata ta yarda, da ciwon a ranta zan shiga gidan. Ka bar ta ta gani da idonta. Kuma kar ka kuskura ka ɗaga mata murya saboda ni."

Ta faɗi haka da ƙarfin hali, tana kashe wayar ta kifa kai a cinyar Goggo tana cewa ta shiga uku.

Wata rana da yamma aka yi sallama a tsakar gida. Goggo ta leƙa, sai ga Malama Babba da kanta, jaka a hannu. Aka shimfiɗa mata tabarma. Auta ta fito, ta durƙusa can nesa.

"Matso nan," in ji Malama Babba. Ta zaro littafin. "Tun da nake ban taɓa barin littafi a rabi ba sai wannan, abin ya yi ta damuna, shi ya sa na koma masa. Ashe tsohuwar da amaryar take zagi ita ce ta yi jinyarta da kowa ya gudu. Ashe yarinyar ce ta dawo tana neman gafara." Ta buɗe wajen ƙarshe ta nuna wa Goggo. "Duba nan. Daga tsakiya zuwa ƙarshe babu lanƙwasa ko ɗaya, amma takardun duk sun yamutse da tabon ruwa."

Goggo ta kai ido, ta riƙe haɓa. "Ai na tuna ranar. Ita ce ranar da ta ƙona min miya. Ina ta kira tana jina ta ƙi motsi, na zo na same ta tana ta sharar hawaye a kan takarda."

Malama Babba ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Na koya wa yara kada su yanke hukunci sai sun ji ƙarshen magana, ga shi ni na faɗi jarrabawar. Na auna ki da mudun gidana." Ta miƙa wa Auta littafin. "Karɓi kayanki. Ni dai kin san ba na magana da baki."

Auta ta karɓa. Duk tsofaffin lanƙwasarta an miƙar da su, saura guda ɗaya sabuwa a kusa da ƙarshe. Ta buɗe wurin. Shafin da tsohuwar take kama hannun amaryar ne tana ce mata, "Tashi mu je gida, 'yata." Auta ba ta san lokacin da ta faɗa jikin Malama Babba tana kuka ba, ita kuma ta rungume ta tana buga bayanta.

"Ya isa," in ji Malama Babba. "Sai ki kawo min na masuncin nan kafin biki. Amma ki sa tsinke a inda kika tsaya."

Haka Auta ta sami miji ta sami uwa a rana ɗaya, don ta yi haƙuri ba ta raba ɗa da mahaifiyarsa ba. Mutum ma littafi ne, wanda ya tsaya a rabinsa ya yanke hukunci zai iya jefar da alherin da ke shafin gaba.