Auren Gwaji a Aji Uku

A ƙaramar kwalejin horar da fastoci, ranar Talata ake darasin ɗaura aure. Malam ya duba aji uku ya ce, "Dogo, kai ne ango. Auta, zo ki zama amarya."

Aka yafa mata tsohon labulen ofis, aji ya kwashe da dariya. Shekara biyu Dogo yana zaune a layin baya, bai taɓa kallonta ido da ido ba sai yau. Da aka zo wurin alkawari, muryarsa ta maƙale.

"Ango, ko ka fasa ne?" ta raɗa masa.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Amaryar aro, yau na faɗi darasi, kuma laifinki ne."

Ta amsa: "Angon wasa, je ka yi bita. Gobe akwai darasin harshen Helenanci."

Wata huɗu suna haka, har sunan wasa ya daina zama wasa. Abin da ba su sani ba, mai kiɗan gangar majami'a, wanda Auta ta taɓa ƙin soyayyarsa, ya ɗauki hotonsu ranar gwajin. Saura mako uku jarrabawar ƙarshe, ya tura wa mahaifinta.

Baba kafinta ne. Ya iso ofishin Shugaban kwalejin da garin katako a rigarsa, aka kira Auta.

"Haɗa kayanki. Karatu na aiko ki."

"Baba, saura mako uku!"

"Na ce haɗa."

Malam ya yi ta bayani: gwaji ne, kowace shekara ana yi, ko zobe babu.

"Na san gwaji ne, ai ga labule nan," in ji Baba. Ya ɗora wayar a kan tebur. "Amma dubi idon yaron nan. Wannan ma ku kuka koya masa?"

Aka kira Dogo. Baba bai amsa gaisuwarsa ba.

"Tambaya ɗaya. In babu komai tsakaninku, na bar ta ta gama. Akwai ko babu?"

Auta ta sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta ceci shekara ukunta, kuma Dogo ya san kalmar. Ya kalli Shugaba, mutumin da zai ɗora masa hannu ranar naɗa shi fasto. Ya durƙusa.

"Akwai, Baba. Ina sonta. Ni za a kora, ita a bar ta."

"Ba shi kaɗai ba ne, Baba," in ji Auta. "Ni ma."

Baba ya ɗauke wayarsa daga kan tebur.

"Na karanta saƙonninku da ta zo hutu," ya ce. "Da ka ce babu, da yanzu muna kan hanya."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Ba waya, ba saƙo, sai ta ajiye alƙalami. Daga nan ka turo manyanka."

Mako ukun nan Dogo ya rame har abokansa suka fara tambayarsa ko azumi yake.

Bayan yaye ɗalibai da wata biyu aka ɗaura auren. Baba ya riƙo hannun 'yarsa har gaban bagadi, ya ƙi saki sai da matarsa ta zungure shi.

"Ga ta nan," ya ce wa Dogo. "Ubangiji ya albarkace ku, ya kiyaye ku duk inda aka tura ku."

Majami'a ta amsa, "Amin!"