Kyamarar da Mannir Ya Sayo

Duk wanda ya yi biki a Gusau shekarun baya ya san Mannir mai bidiyo. Na san shi tun yana yawo da tsohuwar kyamara wadda ya ɗaure murfin batirinta da roba. Yana da hannu, kowa ya shaida. Amma bukukuwa ba su ishe shi ba. Fim yake so ya yi, irin wanda in an haska shi mutum zai ga zufar fuska ɗigo-ɗigo.

Ranar da ya tambayi farashin babbar kyamarar fim, wani dillali a Kano ya yi masa bayani ta waya. Gangar jikin kaɗai ta fi kuɗin gidan da yake haya. Gilasan da ake ɗaura mata kowanne da kuɗinsa. Ga batura, ga katin ajiya, ga fitilu, ga kwamfutar tacewa mai ƙarfin ɗaukar hotonta, ga janareto. Dukkansu da dala ake saye, dala kuwa kullum hawa take. Mannir ya kashe wayar, ya zauna yana lissafi, matarsa Zahra'u tana kallonsa.

Wani direban tasha ne ya ba shi labarin wani boka a cikin duwatsun da ke bayan Tsafe. Mannir ya tafi da rana tsaka, ya bar babur a gindin dutse ya hau da ƙafa.

Wurin wani tsagi ne tsakanin duwatsu biyu, an rufe bakinsa da jan ƙyalle. Ciki sanyi kamar rijiya. An lilliƙa fasassun madubai a bango, kowanne an shafe shi da toka. A tsakiya akwai tukunya a kife, jini ya bushe a kanta, ƙudaje kuwa ba sa sauka. Bokan tsoho ne siriri, yana kallon ƙasa. Ko sallama bai amsa ba.

"Mi kake so?"

"Kayan aiki, Baba. Kyamara da abin tacewa. Kuɗinsu ya fi ƙarfina."

"Za ka samu. Amma mai wurin ga ba ya cin kuɗi."

"To mi zan ba shi? Rago? Sa?"

Tsohon ya ɗora hannu a kan tukunyar. "Makaho ne. Ya daɗe bai ga duniya ba. Ka ara mishi idonka na dama, ya riƙa gani tare da kai."

"Idon zai mutu?"

"Zai ƙara kaifi."

"In ya gani fa, sai mi?"

"Abin da ya gani ya so, tsakaninsu ne."

Ya kamata ya miƙe a nan. Bai miƙe ba. Bokan ya yanka baƙin zakara a kan tukunyar, ya kwaɓa kwalli da jinin, ya zizara masa a idon dama. Mannir ya ce ya ji kamar an zura masa ƙanƙara har ƙeya, ya kuma ji wani abu a ƙarƙashin tukunyar ya ja numfashi.

Kafin damina ta fita aiki ya buɗe. Kwangila kan kwangila, tallace-tallace, bukukuwan manya har Abuja. Kayan suka iso cikin baƙaƙen akwatuna. Ya kama shago, ya sa na'urar sanyaya ɗaki saboda kwamfutar, ya sayi mota.

Da ɗiyarsa Husna ya gwada kyamarar. Tana tsakar gida tana cin mangwaro, tana dariya, ruwan na bin haɓarta. Ya kira Zahra'u ta ga hoton. "Dubi ɗiyarki. Ban taɓa sanin haka take da kyau ba."

Husna ta kwanta da zazzaɓi. Asibiti suka yi gwaji ba su ga komai ba. Tana ta cewa, "Baba, ka ce wa mutumin ya daina kallona." Ranar Juma'a aka kai ta makwancinta.

Mannir ya ce wa kansa ajali ne. Da sallah ya je Furfuri, wajen Bungudu, gaida mahaifiyarsa. Iya tana sussukar dawa, ya tsaya yana kallonta, tausayinta ya cika masa zuciya, sai idon dama ya yi sanyi. Kafin ya koma Gusau an kira shi: Iya ta faɗi a bakin murhu, rai ya yi halinsa.

Zahra'u ba ta mutu ba. Ta fara rufe madubai da zannuwa, sannan ta je shagon ta fasa fuskar kwamfutar da taɓarya. In Mannir ya shigo sai ta kare fuskarta tana ihu, "Ku biyu ne! Ku biyu ne a ciki!" 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Ya loda akwatunan a mota ya koma dutsen.

"Ga kayan, Baba. Ku karɓa, ku sake ni."

"Mi zai yi da ƙarfe? Ido ka bayar."

"To in na ƙwaƙule shi?"

Tsohon ya ɗago kai a karon farko. Ramin idonsa na dama wayam yake. "Na riga ka gwadawa. Ya koma na hagu. 'Ya'yana bakwai, babu ko ɗaya. Ka ga ni ma ƙasa nake kallo."

Mannir ya sauko. Ya sa kayan a kasuwa don maganin Zahra'u, dillalin ya ce masa an riga an fitar da sabon samfuri, nasa ya zama tsohon yayi. Abin da aka ba shi bai kai rabin abin da ya kashe ba, ya kuma ƙare a hanyar asibiti. Ya tuba, malamai sun yi masa addu'a, muna fatan Allah Ya karɓa. Amma sanyin idon bai tafi ba, kuma ba ya da ƙarfin halin gwadawa a kan kowa.

Yanzu yana wata bukka a gonar mahaifinsa. Yayarsa Binta, ita kaɗai ta rage masa, takan kawo tuwo ta ajiye a ƙofa. Na raka ta sau ɗaya. Ta ce, "Mannir, ko sau ɗaya ka juyo in ga fuskarka." Ya manna goshinsa da bango yana kuka. "Ki tafi, Yaya. Don Allah ki tafi kafin in kasa."

Kai da ke ganin abin da kake so ya yi maka tsada, ka tsaya a inda ƙarfinka ya kai, ka roƙi Allah. Dillali yana faɗa maka farashinsa ka ji da kunnenka. Boka ba ya faɗa, kuma ba daga aljihunka ake cira ba, daga cikin gidanka ake ɗauka.