Rumbun Zana da Rumbun Kwano

Rachidi ya fara ganin Balkissa a kasuwar Malanville, tana zaune bayan tulin albasa. Watansa biyu da dawowa daga Maroko, inda ya karanci halayen ƙarfe, itace da laka. Ya ɗauki albasa ɗaya ya latsa, ta lotsa.

"Wannan ta sha zafi. Ina kuke aje ta?"

"Saye ka zo, ko kai duwan ne mai binciken kaya?" in ji ta.

Ya sayi kashi uku da ba ya buƙata, ya tafi da lambar wayarta.

Babanta, Na-Allah, manomin albasa ne a Garou. A shekarar ya rufe rumbunsa da sabon kwano, kyautar Nura mai shagon kayan gini, wanda shi ma Balkissa yake so.

Ran da Rachidi ya je gaisuwa, ya kasa riƙe bakinsa.

"Baba, kwano jan zafi gare shi, ya ɗauko na rana ya zuba ciki. Albasa kuwa inuwa take so da iska. Zana ta fi."

"Shekara biyar kana karatu a lakkwal, ka komo mini da zanar kakana? Ba ni ba da ɗiyata ga mai maishe ni baya."

"A raba albasar biyu, Baba. In gina rumbun zana da hannuna, a buɗe bayan wata biyu. In tawa ta ruɓe, ba ka ƙara ganina."

Na-Allah ya yarda.

Da yamma saƙon Balkissa ya shigo: "Ashe caca ka yi da ni, Malam Zana?"

Ya amsa: "Balki tawa, wanda bai auna ba shi ke caca. Ni na auna. Amma in kin ce in bari, na bari."

Bayan kwana uku ta rubuto: "Ka ɗaga gindin rumbun kamu biyu. Ƙasarmu da laima, kogi na kusa. Wannan ba a koya maka a Maroko ba."

Ya ɗaga. Kwana tara yana sara yana ɗauri, tafin hannunsa duk ya yi bororo.

Ƙarshen bazara aka buɗe. Nura ya ja ƙofar rumbun kwano, wari ya kora shi baya. Rabin albasar ta zama ruwa. Na-Allah ya shiga na zana, ya tura hannu har ƙasan tuli, ya fiddo ɗaya. Ɓawonta ya yi ƙara, cikinta tauri kamar dutse. Ya daɗe yana juya ta.

"Turo magabatanka," ya ce.

Aka ɗaura aure bayan babbar salla. Ranar tarewa Balkissa ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakinta. Ita ta ce a sa kwano, don ita ba albasa ba ce. A ƙarƙashinsa Rachidi ya shimfiɗa zana rufi biyu.

Na-Allah, da ya rako su har ƙofa, ya miƙa hannu ya taɓa zanar. Sanyi.

"Allah shi sa zamanku shi yi haka," ya ce. "Allah shi ba ku zuri'a mai albarka."

Suka ce amin.