Simintin Bayan Ardis

Ranar da Delfina Ochoa ta fara shiga shagon naman Haugen, ba nama ta tambaya ba. Ƙashin bayan tsohuwar tunkiya take so, guda shida.

Wendell Haugen ya ajiye wuƙa ya dube ta. Shekara goma yana yankan nama a wannan gari namu na jihar Wisconsin a Amurka, bai taɓa ganin mai neman abin da yake zubarwa ba, balle mai irin waɗannan idanu.

"Miya za ki yi ko tsafi?"

"Siminti," ta ce tana dariya.

A jami'a take aiki. Suna haɗa wani siminti da ake ɗurawa da allura cikin ƙashin bayan tsofaffi, waɗanda ƙashinsu ya zaizaye har atishawa kan karya shi. Wanda ake da shi ya cika tauri, wani lokacin ƙashin da ke kusa ne ke shan wahala. Nasu mai sassauci ne, kuma a ƙashin tumaki suke gwada shi.

Wendell bai fahimci rabin bayanin ba, amma daga ranar ya zama gwanin farautar tsofaffin tumaki. Duk Talata sai saƙonsa ya shiga wayarta:

"Kwastomata, ƙashi ya iso. Ki zo da kanki, ba na ba kowa sai ke."

Ita kuma ta amsa: "Mai wuƙa, anya ƙashin ne kawai? Ina tafe."

Mahaifiyarsa Ardis, wadda ta shekara arba'in a bayan kantar shagon, tana ganin komai, kuma bai yi mata ba. Ta riga ta zaɓa masa Joanne, 'yar maƙwabta, wadda ta iya haɗa tsiran nama tun tana ƙarama. Macen da ke wuni da ƙashin tunkiya, in ji Ardis, wa zai ci girkinta? In Delfina ta gaishe ta, sikeli take kallo.

Sai ga shi wata safiya Ardis ta sunkuya ɗaukar buhun albasa, bayanta ya ce ƙas. Mako uku tana kwance, ko juyi ba ta yi sai da hawaye. Likitanta ya sa sunanta cikin waɗanda za a fara gwada sabon siminti a jikinsu, wato dai na Delfina.

A makon ne Wendell ya nemi auren Delfina, ita kuwa ta yi gum har kwana tara.

Ba ƙi ba ne. Dokar gwajin ta hana ma'aikaci alaƙa da majinyaci ko iyalinsa. Ko dai a cire Ardis, ko Delfina ta bar aikin da ta ba shekara shida na rayuwarta, daidai lokacin da zai kai ga mutane. Wendell bai san wannan ba, sai ramewa yake yi. Ardis daga kan gado tana ta "ban gaya maka ba?", Joanne kuwa ta mai da kawo miya sana'a.

Rana ta goma wayarsa ta yi ƙara:

"Mai wuƙa, na je gaban kwamiti na faɗi gaskiya. Na cire hannuna daga gwajin, sunan Mama yana nan. Tambayarka kuma, na amince, in ba ka janye ba."

Ya karanta sau uku, sannan ya zauna a kan akwatin sanyi ya yi kuka, kukan wanda aka sauke wa kaya.

Aikin da aka yi wa bayan Ardis bai kai awa ɗaya ba. Da yamma Ardis ta zauna da kanta, washegari ta taka har bakin taga. Da ta ji abin da ya faru daga bakin ɗanta, kunya ta rufe ta, ta ce a kira mata yarinyar.

"Shekara shida, 'yar nan? Saboda tsohuwar da ba ta amsa gaisuwarki?"

"Aikin zai tafi ko babu ni, Mama. Bayanki ne ba zai jira ba."

Aka ɗaura aure a watan Yuni, aka yi liyafa a zauren coci. Ardis da aka ce ta bi a hankali ita ta fara shiga fili, ta jawo amarya suka taka rawa. Delfina ba ta iya ɓoye gaskiya ba, ta raɗa mata cewa rabin majinyatan tsohon siminti aka sa musu, ƙuri'a ce, kuma ba a faɗa wa kowa wanne aka sa masa.

Ardis ta tsaya cak, ta miƙe sosai, ta kama hannun amarya ta ɗora a bayanta.

"Wannan matsalar likitoci ce. Ni da nake ɗauke da shi na sani, naki ne. Allah Ya yi muku albarka, 'yata, Ya riƙe gidanku yadda kika riƙe ni."