Rami na Bakwai a Bakin Dam ɗin Mairuwa

Shafa'atu na tankaɗen garin masara a tsakar gida ta jiyo muryar mahaifinta, Malam Gide, daga ɗakin Inna.

"Yaron nan tun da ya dawo daga hannun 'yan bindiga ba shi ba ne. Jiya a kasuwar Daudawa tayar mota ta fashe, sai ga Yahuza ƙarƙashin teburin mai nama. Wannan zan ɗauki ɗiyata in ba?"

Rariyar ta kusa suɓuce mata. Wata biyu saurayinta Yahuza ya yi a daji bayan an tare motarsu a hanyar Sabuwa, ita kuma ta yi wata biyun bisa sallaya. Ya dawo da ranshi, an sa biki bayan girbi, ga shi yanzu ana zancen mayar da kayan sa rana.

Ta je bakin ƙofa ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba, don Allah a ƙara mishi lokaci."

"Har yaushe? Ke yarinya ce, ba ki san mi ake nufi da maigida ba."

Yayanta Lawwali, wanda bai taɓa ɓoye dariyar da yake wa Yahuza ba, ya sa baki. "Baba, bari in fita da su ranar Asabar cikin mutane. Abin da idona ya gani shi zan faɗa maka, sai ka yanke hukunci."

Malam Gide ya amince. Tun daga ranar abinci ya daina wuce wa Shafa'atu.

Wurin da Lawwali ya kai su wani filin shaƙatawa ne da wani ɗan kasuwa ya buɗe a bakin dam ɗin Mairuwa. An shimfiɗa koriyar ciyawar roba, an yi ramuka tara da ƙananan gadoji na siminti. Ƙaramin golf ake ce wa wasan: a ba ka sanda, ka tura farar ƙwallo har ta faɗa rami. Hasken la'asar ya kwanta bisa ruwan, masunta na janye taru, 'yan mata na ta ɗaukar selfi. Shafa'atu ba ta ga kyan komai ba. Idonta na kan hannun Yahuza.

A rami na uku ya buga ƙwallo ta tsallake shinge ta faɗa ruwa.

"Sori, ango," in ji Lawwali yana dariya. "Ko ƙwallon ma tsoronta kake?"

Yahuza ya yi murmushin yaƙe. Ita kuma ta matso kaɗan ta ce a hankali, "Yaya Yahuza, ka ƙyale shi. Ni ma ban iya ba."

Suna rami na bakwai sai wata ƙara ta taso. Babura ne, ba ɗaya ba, ba goma ba, kuma daga ɓangaren daji. Wani ya ƙwalla, "Ga su nan!"

Wuri ya yamutse. Mata suka suri yara, takalma suka watse, mai sayar da tikiti ya bar rumfarshi a buɗe. Shafa'atu ta waiwaya neman yayanta, sai bayan rigarshi ta hango yana haura shinge. Ita ma ta yunƙura za ta gudu.

"Shafa," muryar Yahuza ce, ƙasa-ƙasa, tana karkarwa. "Fili ne ko'ina, in kin gudu za a gan ki. Juya mayafin nan, jan ya yi yawa. Kashe waya. Kwanta bayan gadar nan."

Ta kwanta, kuncinta bisa ciyawar roba mai zafi. Shi kuma ya zauna tsakaninta da hanya, ya rungume gwiwoyinshi. Tana jin haƙoranshi na haɗuwa.

"In sun iso, ni za su fara gani. Ko mi kika ji, kar ki ɗago."

"Kai fa?"

"Na san su. Ke ba ki san su ba, kuma ba na so ki sani."

Ƙarar ta ƙaraso har ƙasa na girgiza. Ta runtse ido tana jiran harbin farko. Sai ta ji hon, ta ji shewa da guɗa. 'Yan acaɓa ne ke rakiyar wani ango, suka wuce abinsu.

Yahuza ya rarrafa gefe ya yi amai, ya kifa kai ya fashe da kuka. A haka Lawwali ya dawo ya same su, takalmi ƙafa ɗaya, wando duk ƙarangiya. Har suka isa gida Shafa'atu na cikin fargaba, don ta san yayanta ya ga kukan.

Bayan magariba Malam Gide ya tara su a zaure. Shafa'atu ta laɓe bayan ƙofa.

"Baba," Lawwali ya ce, kanshi a ƙasa, "ni na gudu na bar ƙanwata. Shi ya tsaya."

Yahuza ya girgiza kai. "Baba, kar a ce maka jarumi ne ni. Tsoro nake ji, har yanzu ma jikina bai tsaya ba. Tafiya in bar ta ce kawai na kasa."

Malam Gide ya dube shi, ya share ido da bakin rawani.

"Na zalunce ka da bakina, ɗana. Biki yana nan inda aka sa shi. Lawwali, ranar Litinin kai za ka raka shi Katsina ya ga likita."

Aka sha biki bayan an kai dawa rumbu. Yahuza bai warke dare ɗaya ba. Ya ɗauki kusan shekara biyu kafin ƙarar babur ta daina tsinka mishi zuciya, Shafa'atu kuwa ba ta taɓa goranta mishi ba. Iyaye, kafin ku raba masoya saboda jarrabawar da ta afka wa ɗayansu, ku yi haƙuri ku duba da kyau. Namijin kirki ma yana jin tsoro, abin dubawa shi ne ko tsoron zai sa ya bar 'yarku ita kaɗai.